Yadda ake neman odar kotu ta hana yaɗa kalaman ɓata suna

Gwaggona tana da gidan burodi, ƙarami ne, ma'aikata tara. Wata Laraba da daddare aka turo mata saƙon murya na minti uku da ke yawo a zaurukan WhatsApp na unguwa. Wani yaro da ta sallama ne yake rantsuwa cewa da fulawar da ta lalace ake kwaɓi, kuma ya yi alƙawarin sakin bidiyo a TikTok ranar Juma'a. Kafin sallar asuba masu shaguna uku sun ce kada a kawo musu burodi. Ta kira ni muryarta na rawa, ta ce, "Ɗana, gobe-gobe a samo mini takardar kotu a rufe masa baki."

Da safe na kai ta wurin lauya. Ya saurari saƙon sau biyu, ya ajiye wayar, ya ce, "Hajiya, ƙara kam kina da ita. Amma a hana mutum magana tun kafin a yi shari'a, wannan shi ne abin da alƙali ya fi ƙin bayarwa. Idan muna so mu samu, sai mun shiga da hujjar da ba ta bar wa yaron nan ƙofa ba." Daga abin da na gani a wannan tafiya, da abin da na bi diddigi bayanta, na tsara wannan jagora, domin na ga mutane da yawa suna zuba kuɗi a neman odar da tun farko ba za ta fito ba.

Da farko, san dalilin da ya sa abin yake da wuya

Tushen maganar wata shari'a ce ta Ingila a 1891, tsakanin Bonnard da Perryman. Kotun ɗaukaka ƙara ta can ta ce idan wanda ake ƙara ya tsaya a kan cewa abin da ya faɗa gaskiya ne kuma zai tabbatar da shi a gaban shari'a, ba za a hana shi bugawa ba, sai fa idan ya bayyana ƙarara cewa maganar ƙarya ce da babu yadda za a kare ta. Najeriya ta gaji dokar ɓata suna daga Ingila, kuma lauyoyin 'yan jarida a nan har gobe da wannan ƙa'ida suke kare kansu. Sai kuma sashe na 39 na Kundin Tsarin Mulki na 1999, wanda ya ba kowa 'yancin faɗin albarkacin baki da isar da labari. Sashe na 45 ya yarda a taƙaita wannan 'yanci don kare haƙƙin wasu, shi ya sa dokar ɓata suna take nan daram, amma taƙaitawar ta fi zuwa bayan an saurari kowa.

Ni ina ganin hikimar wannan ƙa'ida, ko da yake ranar da take gaba da kai tana da ɗaci. Da ana ba da oda cikin sauƙi, duk shugaban ƙaramar hukumar da ya ci kuɗin rijiyar burtsatse zai riga ɗan jarida zuwa kotu, labarin ya mutu kafin ya fito. Akwai wata matsalar kuma: ba a yarda alƙali ya yanke ainihin shari'a a matakin roƙon wucin gadi ba, alhali tambayar ko maganar ɓata suna ce ko a'a ita ce ainihin shari'ar.

Mataki na 1: tsare hujja kafin a goge

Wannan aikin daren farko ne, tun kafin ka ga lauya. Ɗauki hoton allon waya yadda sunan mai shafin, ranar da lokacin za su fito. Kwafi adireshin shafin. Sauke bidiyon ko saƙon muryar a wayar da ta karɓe shi, kuma kada ka sayar da wayar ko ka goge ta. Idan a rediyo ne, a shirin siyasa na dare inda sojojin baka suke baje kolinsu, rubuta sunan shirin da ranar da ƙarfe nawa, ka nemi wanda ya naɗa.

Dalilin riƙe wayar shi ne sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011. Duk abin da ya fito daga kwamfuta ko waya, sai an haɗa shi da takardar shaida, ko shaidar baki, da ke bayyana na'urar da aka yi amfani da ita, da yadda aka fitar da shi, da cewa na'urar tana aiki daidai a lokacin. A shari'ar Kubor da Dickson ta 2012, kan zaɓen gwamnan Bayelsa, Kotun Ƙoli ta ƙi amincewa da takardun da aka buga daga shafukan intanet saboda ba a cika wannan sharaɗi ba. Mutum na iya zuwa da gaskiyarsa tsaf, a watsar da hujjarsa a kan takarda guda.

Sannan nemi mutanen da suka ji ko suka karanta. A doka, zagin da aka yi maka kai kaɗai a saƙon sirri ba ɓata suna ba ne, dole maganar ta kai ga mutum na uku. Kotun Ƙoli ta jaddada haka a shari'ar Nsirim da Nsirim a 1990. Mu masu shagunan nan uku muka bi ɗaya bayan ɗaya. Biyu suka ce ba sa son shiga kotu, ɗaya ya yarda zai faɗi abin da ya ji da dalilin da ya sa ya daina karɓar kaya. Shi kaɗai ya wadatar.

Mataki na 2: auna maganar da kanta

Ba duk maganar da ta ƙona rai ce kotu za ta karɓa ba. Dole ta zama magana ce da za ta zubar da ƙimarka a idon mutanen kirki, kuma a gane kai ake nufi, ko da ba a kama suna ba. "Masu gidan burodi duk macuta ne" ba ta ba kowa damar ƙara ba. "Hajiyar nan mai gidan burodin bayan masallacin Juma'a" ta ba da, idan kowa a unguwar ya san wacece. Zagin fatar baki da aka yi cikin faɗa, wanda duk mai ji ya san zafin rai ne, yawanci ba a ɗaukarsa. Ra'ayi a kan abin da ya shafi jama'a, idan an gina shi a kan gaskiya, yana da kariya. Haka abin da aka faɗa a zauren majalisa ko a gaban kotu.

Tambayar da ta fi kowace nauyi, wadda lauya na ƙwarai zai yi maka ido cikin ido, ita ce: akwai ƙamshin gaskiya a ciki? Ka faɗa masa tsakaninka da Allah. Gaskiya cikakkiyar kariya ce a ƙarar neman diyya, kuma idan ka ɓoye wa lauyanka wani abu, a gaban alƙali za a tone shi, 'yan jarida na zaune.

Ga wani abu da ya shafe mu musamman. Harshen manyan kotuna Turanci ne, kalaman da ake ɓata mana suna da su kuwa da Hausa suke fitowa. Doka ta ce a rubuta ainihin kalaman da harshen da aka furta su, kalma bayan kalma, a biyo da fassararsu, sannan a kawo wanda zai tabbatar wa kotu da fassarar. An sha rasa shari'a saboda lauya ya rubuta fassara kaɗai. Idan habaici ne ko zambo, sai an bayyana ma'anar da masu sauraro suka ɗauka da dalilin da ya sa suka ɗauke ta haka, domin alƙali ba zai cike maka giɓin da ka bari ba ko da shi Bahaushe ne.

Mataki na 3: wasiƙar lauya

Kafin kotu, lauya ya rubuta wa mutumin: ga abin da ka faɗa, ga ranar, ƙarya ne saboda kaza, ka sauke shi, ka janye a inda ka faɗa, ka ba da haƙuri, ka yi alƙawari a rubuce ba za ka sake ba, cikin kwana kaza. Sau da yawa a nan maganar take mutuwa. Idan bai amsa ba, ko ya amsa da barazanar ƙarin tonon silili, amsar tasa ta zama hujjar cewa zai maimaita, kuma wannan hujja ce ake buƙata a gaba. Idan lokaci ya ƙure kamar namu, wa'adin awa 24 ya isa.

Mataki na 4: shigar da ƙara a kotun da ta dace

Oda ba ta tsayawa ita kaɗai, a jikin ƙara take rataye. Ƙarar ɓata suna ta neman diyya Babbar Kotun Jiha ake kai ta, ko Babbar Kotun Birnin Tarayya idan a Abuja ne. Babbar Kotun Tarayya tana da jerin abubuwan da sashe na 251 ya ware mata, rigimar ɓata suna tsakanin mutum da mutum ba ta ciki. Kuskuren kotu yana cinye watanni, a ƙarshe a kori ƙarar ba tare da an taɓa ainihin maganar ba.

Lauya zai shirya sammaci, da bayanin da'awa, da rantsuwar shaidu, da jerin takardu. A cikin abin da ake nema a sa diyya, da janye kalamai, da odar dindindin. Idan wanda ake ƙara yana wata jiha, akwai rubutun da doka ta wajabta a yi a jikin sammacin kafin a kai masa. Idan ya ɓuya, ana iya roƙon kotu ta yarda a liƙa a ƙofar gidansa, kuma yanzu kotuna suna yarda a aika ta WhatsApp ko imel. Kowace jiha tana da wa'adin da ƙara take mutuwa idan ya wuce, don haka ko ba oda kake nema ba kada ka kwanta a kai.

Mataki na 5: zaɓi odar da za ka roƙa

Iri uku ne. Ta farko ita ce ta gaggawa, wadda ake roƙa ba tare da ɗaya ɓangaren yana nan ba. Ranta gajere ne, kwana 7 a dokokin Babbar Kotun Legas, 14 a na Babbar Kotun Tarayya, kowace kotu da nata. Aikinta kawai ta riƙe al'amura har a kira ɗaya ɓangaren. A shari'ar Kotoye da Babban Bankin Najeriya ta 1989, Kotun Ƙoli ta ce sai da gaggawa ta haƙiƙa ake ba da ita, ba wadda mai roƙo ya jawo wa kansa da jinkiri ba. Wanda ya ga rubutu tun watan jiya, ya zo yau yana cewa gobara, ya riga ya kashe roƙonsa. Kuma tun da ɗaya ɓangaren ba ya nan, wajibi ne ka faɗa wa alƙali har abin da ba ya goyon bayanka. Idan daga baya aka gano ka ɓoye, za a soke odar.

Ta biyu ita ce wadda ake ba da ita bayan an sanar da wanda ake ƙara an saurare shi, tana nan har a gama shari'a. A nan ake ainihin fafatawa. Ta uku ita ce ta dindindin, bayan ka yi nasara, kuma ita ce mafi sauƙin samu domin a lokacin kotu ta riga ta tabbatar maganar ƙarya ce.

Ka bambance tsakanin "kada ya sake faɗa" da "ya sauke abin da ya sa". Kotu ba ta hana abin da ya riga ya auku. Umarnin a sauke rubutu tilasta aiki ne, kuma alƙalai sun fi taka-tsantsan da shi kafin ƙarshen shari'a.

Mataki na 6: takardar rantsuwa, inda ake ci ko a faɗi

Sharuɗɗan da aka saba, waɗanda Kotun Ƙoli ta shimfiɗa a shari'ar Asibitin Obeya ta 1987 da ta Kotoye, su ne: kana da haƙƙin da ake shirin takawa, akwai magana mai nauyi da za a yi shari'a a kanta, cutarwar da za ta same ka idan an hana odar ta fi wadda za ta same shi idan an bayar, kuɗi ba zai gyara ɓarnar ba, kuma ba ka yi jinkiri ba. A ƙarar ɓata suna sai ka ɗora biyu a kai: cewa maganar ƙarya ce a fili, da cewa akwai alamar zai maimaita.

"Ƙarya ce a fili" ba da rantsuwa da Alƙur'ani ko yawan kuka ake nuna ta ba, da takarda ake nunawa. Gwaggona ta kwana tana zazzage wata tsohuwar jakar leda. Ta fito da rasiɗan sayen fulawa na wata shida, da takardar duba-gari ta watan da ya wuce, da littafin albashi da ya nuna yaron ya bar aiki wata huɗu kafin ranar da ya ce ya gani da idonsa. Abin da ya fi duka shi ne saƙon da ya turo wa ɗanta mako guda kafin nan, yana cewa a ba shi kuɗi ko ya ɓata gidan. Lauyan ya ɗaga wayar ya ce, "Hajiya, wannan ya fi duk surutun da zan yi."

Rubuta abin da kake roƙo a taƙaice kuma a tsuke. "A hana shi ambaton sunana ko'ina" ya yi faɗi, alƙali zai ƙi. "A hana shi sake faɗa ko yaɗa cewa ana amfani da lalatacciyar fulawa a gidan burodin mai ƙara, har a gama shari'a" abu ne da za a iya bayarwa, a kuma iya gane ranar da aka karya shi.

Sai alƙawarin biyan diyya. Duk mai neman odar wucin gadi yana sa hannu cewa idan ta bayyana bai cancanci odar ba, zai biya asarar da ta jawo. Idan jarida ko mai littafi ka tsayar, wannan asara na iya fin ƙarfinka. Ka tambayi lauyanka nawa abin zai iya kaiwa kafin ka sa hannu.

Mataki na 7: bayan an bayar

A karɓi kwafin odar mai hatimin kotu, ma'aikacin kotu ya kai wa mutumin hannu da hannu. Idan ya karya, akwai Fom 48, gargaɗin abin da zai biyo bayan saɓa umarnin kotu, sai Fom 49, kiransa ya zo ya faɗi dalilin da zai hana a tura shi gidan gyaran hali saboda raina kotu. Tun da 'yancin mutum ake magana, kuskure kaɗan wajen kai waɗannan takardu yana rushe komai.

Oda tana ɗaure wanda aka yi ƙara da masu yi masa aiki. Ba ta bin saƙon murya cikin wayoyi dubu. Kamfanonin Facebook da TikTok suna da hanyar kai ƙorafi, kuma kwafin umarnin kotu yana ƙara wa ƙorafin nauyi, amma abin da aka riga aka tura a WhatsApp ya tafi.

Idan kuma an ƙi ba ka odar, ba ƙarshen tafiya ba ne. Lauya ya roƙi a gaggauta sauraron shari'ar, abin da alƙalai suka fi son bayarwa a madadinta.

Idan kai aka kawo wa odar

Ɗan jarida ko mai shafi da aka miƙa wa oda, ka bi ta ko da kana ganin zalunci ce. Umarnin kotu yana nan har sai kotu ta janye shi. Ka garzaya wurin lauya ya nemi a soke ta, ya nuna abin da aka ɓoye wa alƙali, ko rashin gaggawa, ko rashin hurumi. A takardar rantsuwarka kada ka tsaya a "gaskiya na faɗa". Ka ce za ka tabbatar, ka nuna kan hujjarka, takardu ne ko shaidu. Wannan ne yake tayar da ƙa'idar 1891 ta tsaya maka.

Lissafin da ya kamata a yi tun kafin a fara

Wani lokaci neman a ɓoye magana shi yake tallata ta. A 2003 mawaƙiyar Amurka Barbra Streisand ta kai ƙarar mai ɗaukar hoto don a cire hoton gidanta daga intanet. Kafin ƙarar sau 6 kacal aka sauke hoton, bayanta mutane sama da 400,000 suka leƙa shafin cikin wata guda. A nan gida, a Disamban 2024 Babbar Kotun Abuja ta ba da odar dakatar da sayar da littafin lauya Dele Farotimi, a rigimarsa ta ɓata suna da babban lauya Afe Babalola da lauyoyin ofishinsa. A makonnin rigimar littafin ya hau sahun gaba a cinikin Amazon, babbar kasuwar intanet, kuma a Janairun 2025 sa bakin Ooni na Ife da wasu sarakunan Yarabawa ne ya sa Babalola ya amince ya janye ƙarar laifin ɓata suna da aka shigar a kan Farotimi. Idan mutum arba'in ne suka ga abin da aka rubuta a kanka, ka yi tunani sosai kafin ka mai da su dubu arba'in.

Akwai kuma hanyar laifi. A Arewa, sashe na 391 da 392 na dokar Final Kod (Penal Code, kundin dokokin laifuka) sun sa ɓata suna laifi ne mai ɗaurin da zai iya kai shekara 2, ko tara, ko duka biyun. A jihohin da ke aiki da shari'ar Musulunci, jifan mutum da zina ƙazafi ne mai bulala 80, kamar yadda ya zo a Suratun Nur. Sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015, wanda aka yi ta kama mutane da shi, an tsuke shi a gyaran 2024. Ba na ba kowa shawarar ya sa 'yan sanda su ɗauke mutum don ya yi magana. Yana jawo wa wanda aka kama tausayin jama'a, kuma ko an ɗaure shi sunanka bai wanku ba. Abin da yake wanke suna shi ne janyewa a bainar jama'a ko hukuncin da ya ce ƙarya ne.

Mu dai ba mu kai ga jin hukuncin roƙonmu ba. Da ma'aikacin kotu ya kai sammaci gidansu yaron, tare da kwafin saƙon neman kuɗin a maƙale, kawunsa ya zo da limamin unguwa. Lauyan ya ce a yi sulhu amma a rubuta, a kai kotu ta mai da shi hukunci, yadda karya shi zai zama karya umarnin kotu. Sharuɗɗan uku ne: ya yi sabon saƙon murya da bakinsa yana janyewa, a tura shi zaurukan da na farko ya shiga, kuma kada ya sake. Gwaggona ta yafe diyya. Biyu daga cikin masu shagunan sun dawo a makon, na ukun sai bayan azumi.